Kowace manhaja da ƙofarta daban, mu kuma a nan datarmu ke ƙarewa

Akwai wani yaro da ke zuwa wajena koyon aiki a ɗan shagonmu na Samaru, yana aji uku a fannin kwamfuta, yaro ne mai kai kuma ba shi da ƙyuya ko kaɗan. Wata Asabar ya shigo da murnarsa ya ce min Malam na gano kuskure a shafin bayanin wata buɗaɗɗiyar manhaja da muke amfani da ita, umarnin da suka rubuta ba daidai ba ne, duk wanda ya bi shi yadda yake ba zai yi masa aiki ba, ina so in gyara in tura musu. Na ce masa madalla, ai kowa ta nan ya fara, zauna ka yi. Layi ɗaya ne tak, ko minti biyu gyaran bai kai ba.

To amma masu kula da aikin sun rubuta cewa duk mai tura gyara ya fara haɗa shafin a kwamfutarsa ya duba da idonsa cewa bai ɓata wani abu ba, kuma gaskiyarsu ce, ni ma da ni ne haka zan ce. Daga nan wahala ta fara. Ita manhajar da yaren kwamfuta ɗaya aka rubuta ta, shafin bayaninta kuma da kayan aikin wani yaren daban ake haɗa shi, adon shafin kuma yana buƙatar na uku, kuma kowanne akwai zubin da yake so, ka saka sabo ya ce tsoho yake nema, ka saka tsoho wani can ya ce shi bai san wannan ba. Yaron nan ya yi ta saukewa yana gogewa yana sake saukewa, datar da ya saya da safe ta ƙare kafin la'asar, na jona masa tawa, aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗinsa dama ya gaji, ana kiran magariba ta mutu. Ya rufe ta ya ce Malam a bar shi kawai, wani zai gyara.

Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har na je gida. Don na san ba wanda zai gyara da wuri, kuma na san irin yaran nan nawa ne suke juyawa daga bakin ƙofa a Zariya da Kano da Sakkwato ba don kansu bai ja ba, sai don ƙofar ce kowane gida da irin makullinsa.

Bari in ɗan yi wa wanda ba harkarsa ba ce bayani, don maganar ta shafe shi shi ma ko bai sani ba. Abin da mai shirya manhaja yake rubutawa rubutu ne kawai, kwamfuta ba ta aiki da shi haka nan sai an harhaɗa shi, an tattaro duk wasu guntattakin manhajoji da ya dogara da su, an gwada, an ɗaure shi ya zama abin da za ka saka a waya ko kwamfuta. Kamar dai a tara maka ƙasa da ruwa da azara a fili, ba gida ba ne tukuna sai magini ya zo ya san me ke gaba da me. Kayan da ke wannan aikin su ake kira kayan harhaɗawa. Haka shi ma shafin intanet na aikin, wanda ke ɗauke da bayanin yadda ake amfani da manhajar, yawanci ba da hannu ake tsara shi shafi-shafi ba, rubutu ake yi a fayil sannan wani kayan aiki ya mayar da shi shafi. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bar rubutunta a fili kowa ya gani ya gyara ya raba, irin su Linux da Firefox da WordPress da ita kanta tushen Android ɗin da ke aljihunka.

Ra'ayina shi ne ayyukan nan su daidaita ƙofar shiga. Ban ce dole kowa ya yi amfani da kayan aiki ɗaya ba, zan zo kan wannan, amma mutum ya san idan ya sauke kowane aiki, ga inda rubutun yake, ga umarni ɗaya da zai buga ya harhaɗa, ga ɗaya da zai buga ya gwada, ga ɗaya da zai fitar masa da shafin bayani, shikenan. Kuma ina faɗin wannan da ƙarfi ne saboda ruɗanin da ake ciki ba kowa yake biyan kuɗinsa daidai ba. Wanda ke Jamus ko Amurka da intanet ɗin da ba a ƙirga masa da wutar da ba ta ƙiftawa, idan abu ya ƙi sai ya goge ya sake saukewa yana shan shayinsa, asararsa minti goma. Mu a nan asarar kuɗin abincin rana ce da yini guda.

Kuma abin ba sabo ba ne, an taɓa yin sa har ya yi aiki. Make, kakan kayan harhaɗawa, Stuart Feldman ne ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, kuma har yau yana nan ana amfani da shi, har da wannan sanannen aibin nasa na cewa dole layin umarni ya fara da maɓallin tab, in ka saka sarari ya ƙi, wanda shi kansa mai shi ya bar shi haka ne don mutane sun riga sun fara amfani da shi yana gudun ɓata musu aiki. Da mutanen GNU suka zo, aikin samar da buɗaɗɗun manhajoji da Richard Stallman ya shelanta a 1983, sai suka kafa wata al'ada mai kyau, Autoconf ya fito a 1991, aka wayi gari dubban manhajoji duk hanyarsu ɗaya, ka buga configure, ka buga make, ka buga make install. Cikin abin kam ba kyan gani, duk wanda ya taɓa buɗe fayilolin m4 da Autoconf ke aiki da su ya san kansa zai yi ciwo, amma daga waje baƙo ba ya ɓata. Wanda ya koyi harhaɗa ɗaya ya koyi na dubu. Ni na fara taɓa Linux ne a lokacin da wannan al'adar ke da sauran ƙarfi kuma ita ce ta ba ni ƙarfin gwiwar taɓa abubuwan da ban san cikinsu ba.

A ɓangaren yaren kwamfuta na Java labarin ya fi ma kama da abin da nake faɗa. Kayan harhaɗawa mai suna Ant ya fito a 2000 daga cikin aikin Tomcat na gidauniyar Apache, yana da kyau, amma kowane aiki sai ya zauna ya rubuta nasa fayil ɗin harhaɗawa yadda ya ga dama, wannan ya ajiye rubutu a nan wancan ya ajiye a can, wannan ya kira umarninsa kaza wancan ya kira wani abu. Mutanen Apache da kansu suka gaji, don a ƙarƙashin inuwa ɗaya suke amma mutum ya tashi daga wannan aiki zuwa na kusa da shi sai ya koma ɗan koyo. Daga cikin wannan gajiyar Maven ya fito, Jason van Zyl ne ya jagorance shi, zubin farko cikakke a 2004. Hikimarsa ita ce ya ce kar ka gaya min inda ka ajiye kayanka, ni zan gaya maka inda ake ajiyewa, rubutu yana src/main/java, gwaji yana src/test/java, bayanin aikin yana pom.xml. Kuma abin da mutane suke mantawa shi ne tun farko Maven ya haɗa har da shafin intanet, ka buga mvn site ya fitar maka da shafin aikin gaba ɗaya da rahotannin gwaji da jerin abubuwan da aikin ya dogara da su. Shafukan ba su da wani ado, duk kamarsu ɗaya, mutane suna ta kushe su a kan haka, amma ni wannan kamannin shi ne abin da nake so, don idan ka shiga na farko ka san inda ake samun abu to ka san na sauran.

Na san abin da abokaina za su ce, don mun sha yin wannan musun a shago har shayi ya huce. Za su ce ai daɗin buɗaɗɗiyar manhaja kenan, ba mai tilasta wa wani, da an ɗaure kowa da Autoconf da yanzu muna nan muna fama da shi, da CMake bai samu shiga ba wanda Kitware suka fara a 2000 har KDE, masu yin fuskar da ake gani a kwamfutar Linux, suka koma kansa a 2006, da Meson na Jussi Pakkanen bai samu shiga ba wanda takwarorinsu na GNOME suka rungume shi daga baya harhaɗawarsu ta yi sauri. Wannan gaskiya ce ban musa ba. Za su kuma ce yawancin masu riƙe da ayyukan nan ba biyansu ake ba, mutum ya dawo daga aikinsa na neman abinci da dare ya zauna yana duba gyare-gyaren mutane kyauta, kai kuma ka zo kana ce masa ya rushe tsarin da ya yi shekara goma yana masa aiki don ya dace da na wasu, wa zai biya shi wannan wahalar? Ita ma wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa riƙe aiki ba ne. Akwai ta uku ma, cewa idan kowa ya rataya a igiya ɗaya ranar da ta tsinke kowa ya faɗi, kamar yadda aka gani a Maris 2016 da wani ya cire ɗan guntun rubutunsa mai layi 11 mai suna left-pad daga npm, rumbun da masu yaren JavaScript ke ajiye guntattakin manhajojinsu, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa harhaɗuwa a duniya cikin ɗan lokaci.

Duk na yarda. Amma ku lura dukkansu suna magana ne a kan injin da ke ciki, ni kuma ƙofa nake magana. Kuma mu mutanen Zariya bai kamata wannan bambancin ya ba mu wuya ba don a garinmu aka yi irinsa da harshenmu. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta na farko, kuma a nan aka yi babban aikin zaunar da yadda ake rubuta Hausar boko, har aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa ɗin nan, ƙ da ɗ da ɓ. Shin an hana Basakkwace yin Sakkwatanci? An hana mu namu Zazzaganci? Kowa yana nan da bakinsa har gobe. Abin da aka daidaita shi ne idan an zo takarda, ta yadda jarida ɗaya za ta tashi daga Zariya a karanta ta a Katsina a karanta ta a Bauchi ba wanda zai ce sai an fassara masa. Da a ce kowane marubuci ya ƙirƙiro nasa haruffan don shi mai 'yanci ne, da wa zai karanta wa wani?

Mutanen yaren Python sun yi daidai irin wannan kuma su nake so a yi koyi da su. Shekara da shekaru kowane aiki yana da fayil ɗin setup.py wanda shi kansa manhaja ce, yana iya yin duk abin da mai shi ya ga dama, ba ka san me zai yi ba sai ka kunna shi. Sai suka zauna suka yi yarjejeniya a rubuce, PEP 518 a 2016 da 'yar uwarta PEP 517, suka ce kowane aiki ya ajiye fayil ɗaya mai suna pyproject.toml ya faɗi da wane inji ake harhaɗa shi, kuma kowane inji dole ya amsa kira iri ɗaya. Yanzu kana son setuptools ne, ko Flit, ko Hatch, ko Poetry, ruwanka, amma ni baƙo pip install kawai zan buga. An ɗauki shekaru ana jan ƙafa, an yi ta ƙorafi, sai a 2023 da Python 3.12 aka cire tsohon kayan harhaɗawarsu distutils gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai sauran rikici ban ce an gama ba, amma hanya ce mai kyau, ba a ƙwace wa kowa 'yancinsa ba kuma baƙo ya huta. Su kuwa mutanen yaren Rust sun yi sa'a sun zo daga baya sun ga wahalar na gaba, tun kafin zubinsu na 1.0 a 2015 suna da cargo, umarni ɗaya na harhaɗawa ɗaya na gwaji ɗaya na fitar da bayani, kuma duk wanda ya saka kayansa a rumbunsu shafin docs.rs zai haɗa masa shafin bayani da kansa bai ɗaga yatsa ba. Yarana da suka taɓa Rust yaren ne ke ba su wuya, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce ya kasa harhaɗa aikin wani ba.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta sa na daina ɗaukar abin nan a matsayin maganar jin daɗi kawai. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ya sanar da duniya cewa ya gano ƙofar ɓarayi da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya ja hankalinsa shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ce ta ƙara jinkiri na kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Wanda ya dasa abin ya yi shekaru yana taimakon aikin har aka yarda da shi aka ba shi makulli, kuma ina ya ɓoye kunamar? A cikin kayan harhaɗawa, cikin wani fayil ɗin m4 da ke cikin ƙunshin da ake rabawa amma babu irinsa a rumbun rubutun aikin da kowa ke dubawa, sauran kuma ya cusa a fayilolin gwaji. Ya san nan ne wurin da ba mai leƙawa. Kowa yana duba rubutun manhaja, ba mai karanta dubban layukan harhaɗawa da inji ya tofo.

Mai gaskiya zai ce min to ai xz da Autoconf ɗin da ka gama yabo yake amfani, ina amfanin daidaiton? Haka ne, kuma shi ya sa na ce daidaita umarni uku kaɗai bai isa ba yanzu. Dole yarjejeniyar ta haɗa da cewa fayil ɗin harhaɗawa ya zama gajere wanda ɗan adam zai iya karantawa ya gane, ya zama bayani ne yake yi ba wata manhaja ce mai zaman kanta ba, kuma abin da aka raba wa duniya ya zama kowa zai iya sake harhaɗa shi daga rumbu ya samu abu iri ɗaya sak. Mutanen Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sun fara wannan yunƙurin tun 2013 kuma sun yi nisa. Idan ayyuka dubu tsarinsu ɗaya ne, wanda ya karkace nan take ido zai kama shi, kamar baƙar akuya cikin farare. Idan kowa da nasa salon, karkatacce da miƙaƙƙe duk ɗaya suke a ido.

Yanzu in dawo kan shafin intanet ɗin, don nan ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya, kuma nan ne ma uzuri ya fi ƙaranci. Harhaɗa manhaja wani lokaci da gaske yana da sarƙaƙiya, wani aikin dole ya yi abin da ba kowa ke yi ba. Amma shafin bayani fa? Rubutu ne da kanun labari da 'yan hotuna da wurin nema. Me zai sa aiki ya ƙirƙiro nasa injin na musamman don wannan? Ga Sphinx nan tun 2008 da Georg Brandl ya rubuta don bayanan Python, ga Read the Docs tun 2010 suna haɗa wa buɗaɗɗun ayyuka shafi kyauta, har masu kula da zuciyar Linux da ba su cika son canji ba sun koma Sphinx a 2016. Ga Jekyll da ke bayan GitHub Pages, ga MkDocs, ga Hugo wanda ni nake ƙauna don fayil ɗaya ne ka sauke shikenan, ko babu intanet zai haɗa maka shafi cikin ƙiftawar ido. Akwai Docusaurus na Facebook shi ma yana da kyau sosai a ido, sai dai kafin ya tashi sai ka sauke tulin kayan Node, wanda ga mai sayen data da awo ba ƙaramin abu ba ne. Zaɓi ya yi yawa ma, amma duk da haka za ka ga aiki ya haɗa biyu ko uku ya ƙara da nasa rubutun a kai, wanda ya haɗa ya tafi shekaru, ba wanda ya san yadda abin ke aiki sai dai a yi ta lallaɓa shi.

Kuma ga inda ya taɓa Hausa kai tsaye. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fassara bayanin manhaja zuwa harshenmu ya san kafin ka fassara kalma ɗaya sai ka gano ta ina ma ake shigar da fassara. Inda aka bi tsarin da aka saba, irin fayilolin po na gettext da Sphinx ke fitarwa, mai fassara ba ya buƙatar ya zama gwanin kwamfuta, malamin Hausa ma zai iya, ya ga jimla ya rubuta tata a ƙasa. Inda kuwa aka yi gaban kai sai ka tarar rubutun a cakuɗe da adon shafi, ba yadda za ka ɓare ɗaya daga ɗaya. Sannan ka gama wahalarka ka buɗe shafin ka ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take wani ɗan akwati ne ya fito ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa, saboda wanda ya zaɓi salon haruffan bai taɓa tunanin akwai mu ba, wurin nema kuma ka rubuta ƙasa ya ce babu. Idan injin ɗaya ne ayyuka dubu ke amfani da shi, mutum ɗaya daga Zariya ya je can tushe ya gyara sau ɗaya, dubun nan duk sun warke. Idan kowa da nasa, sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya muna roƙo, kuma mu nawa ne masu yin wannan aikin? Faransawa da Jamusawa suna da hannuwa da yawa za su iya bi gida-gida, mu 'yan kaɗan ne kuma yawancinmu bayan mun tashi daga wani aikin muke yi.

Wani zai ce ai an warware wannan tuntuni, a saka komai cikin Docker, wato a ɗaure duk kayan aikin a ƙunshi ɗaya, mutum ya sauke ya kunna. Na gwada, yana aiki, kuma ga masu intanet mai ƙarfi magani ne. Amma a nan ka ce wa ɗalibi ya sauke ɗaruruwan megabait don ya gyara layi ɗaya, a laftof ɗin da aka sayo ta hannu mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ai ka sallame shi ne cikin ladabi. Kuma shi Docker ɗin bai gyara hargitsin ba, ya zuba shi a buhu ne ya ɗaure baki. Haka masu cewa a yi komai a burauza a kan kwamfutocin kamfani can nesa, to ranar da netwok ya yi ƙasa fa, wanda a wasu unguwanninmu da yamma kullum ne?

Waɗanda nake ganin nauyin ya fi hawa kansu su ne manyan inuwoyin nan da ke tara ayyuka da yawa, irin Apache da Eclipse da Linux Foundation da GNOME da KDE. Mutum ɗaya mai riƙe da ɗan aikinsa shi kaɗai ba na ganin laifinsa, ya yi abin da zai iya. Amma gidauniyar da ke da ayyuka ɗaruruwa kuma kamfanoni ke zuba mata kuɗi, ita za ta iya cewa duk sabon aikin da zai shigo ga yadda ƙofarsa za ta kasance, tsofaffi kuma ba za mu tilasta muku ba amma ga mutum mun biya shi zai taya ku ƙaura. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi, don dokar da aka kafa ba a ba da hannun taimako ba kan ɗan sa kai take faɗawa, shi kuma in ya gaji ya ajiye aikin ya tafi kowa ya yi asara. Kuma ina ma a ce a cikin sharuɗɗan za su saka cewa bayan saukewar farko komai ya iya harhaɗuwa ba intanet, su kuma rubuta a fili nawa ne nauyin abin da mutum zai sauke kafin ya fara, ko wannan kaɗai aka yi an taimake mu, mutum ya san ko datarsa za ta kai kafin ya tsunduma.

Mu ma nan gida akwai namu. Ina ganin ayyukan kammala karatu da ɗalibai ke kawo min in duba, a filashi, fulda cike da fayiloli ba ko layi ɗaya da ke cewa ga yadda ake tayar da shi, a kwamfutar mai shi kaɗai yake aiki, ranar da ta lalace aikin ya bi ta. Yaro ya yi shekara huɗu bai taɓa harhaɗa abu da hannunsa ba sai dai ya danna koren maɓalli, in maɓallin ya ƙi shikenan ya tsaya. Ga Zariya cike da makarantu, ABU tun 1962, ga Nuhu Bamalli, ga sauran, ɗalibai masu karanta kwamfuta ba iyaka, da za a ce duk aikin da za a miƙa dole ya bi tsari ɗaya, malami ya buga umarni ɗaya a tasa kwamfutar ya tashi, bayanin aikin ma a rubuta shi a fayil ɗin da inji zai mayar shafi, da cikin 'yan shekaru an tara abin da na baya zai ɗora a kai maimakon kowace shekara a sake gina manhajar rajistar ɗalibai daga tushe. Kuma da za a samu kwamfuta ɗaya a cikin makaranta da ke ajiye kwafin rumbunan da aka fi amfani da su, na Python da na Maven da na npm, ɗalibi ya ja daga nan cikin gida ba da datarsa ba, wannan ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba, kuma abin lura shi ne irin wannan ajiyar tana yiwuwa ne kawai saboda waɗancan sun daidaita inda suke ajiye kayansu.

Shi yaron nan kuwa Asabar ta gaba na kira shi na ce ya zo da sassafe tun akwai wuta. Na riga na kwana biyu ina fama da abin a tawa laftof ɗin har ya yarda ya tashi, na rubuta duk matakan da na bi a takarda, guda goma sha ɗaya, wanda huɗu daga ciki ba su cikin bayanin da masu aikin suka rubuta. Ya zauna ya gyara layinsa, ya haɗa shafin ya gani da idonsa, ya tura. Na ce masa ya ƙara da gyara na biyu, ya saka matakai huɗun nan da suka ɓace a cikin bayaninsu don na bayansa. Bayan kwana uku aka karɓi na farkon, wani daga can ya rubuto masa godiya, ya zo yana nuna min a waya hannunsa har rawa yake. Na biyun har yanzu yana nan ba a duba ba.

Jiya ya turo min saƙo wai ya ga wani aikin kuma yana son ya fara fassara bayaninsa zuwa Hausa, ya tambaye ni ko matakan da muka rubuta a takardar nan za su yi masa aiki a can. Na buɗe na duba, wani inji ne daban kwata-kwata, ko ɗaya daga cikin sha ɗayan nan ba zai yi ba. Na ce masa ya bari sai Asabar, ya zo da caja.